Ɗan Baƙo a Gadon Jinya: Masauki da Addu'a a Ƙasar Maska

Yaron da aka ƙetaro da shi iyaka neman magani ba a asibiti yake cinye yawancin kwanakinsa ba. Likita zai duba shi, a ba shi gado na mako ɗaya ko biyu, a sallame shi da sharaɗin ya dawo ranar kaza. Tsakanin wannan rana da waccan dole ya sami inda zai kwana, da wanda zai dama masa kunu, da wanda zai tuna lokacin shan magani. Gidansu ya yi nisa, kuɗin mota kuma ya fi ƙarfin a riƙa zirga-zirga. Saboda haka rabin jinyarsa, wani lokaci ma fiye da rabi, a gidan mai masauki ake yin ta. A Maska da sauran garuruwan noma na kudancin Katsina, daga Funtuwa har Malumfashi, irin wannan yaro galibi ɗan Nijar ne, daga ƙasar Maraɗi ko Tasawa ko Damagaram.

Kiransa ɗan ƙasar waje magana ce ta takarda. Iyakar Najeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ta ratsa ne ta tsakiyar mutane masu harshe ɗaya da dangi ɗaya. Maraɗi kanta sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulkinsu a can bayan jihadi ya fitar da su daga birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, har yau kuma sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Ga kuma ci-rani. Kudancin Katsina ya fi arewa samun ruwan sama, ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken soya, don haka da kaka samarin arewa sukan gangaro aikin girbi da tsinkar auduga. Wasu su koma, wasu su yi aure su zauna. Maska tsohon gari ne da ya yi suna a saƙa da rini, ya saba da fatake tun kafin Turawa, Funtuwa kuma mararraba ce ta hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari. Mutumin ƙauyen Tasawa da ɗansa ya kwanta ciwo, in ya yi lissafin wanda ya sani a Najeriya, ba wuya ya tuna da manomin da ya taɓa yi wa ƙwadago, ko ɗan'uwan da ke faci a bakin tashar Funtuwa, ko malamin da ya karantar da shi a tsangaya.

Abin da ya ƙara wa yankin muhimmanci shi ne kusancinsa da Shika. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba, kuma can ake tura ciwon da ya gagari babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi: kansar yara, tarin ruwa a kai, tiyatar jarirai, rikicin sikila. Daga nan kuma Kano ba nisa, inda Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala suke, haka nan Kaduna mai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Zaman Samaru ko Sabon Garin Zariya na wata uku da kuɗin haya ya fi ƙarfin talaka. Zama gidan ɗan'uwa a Maska, inda akwai hatsi a rumbu, abu ne mai yiwuwa.

Tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce, kuma ya kamata a faɗi wannan don kada mai masauki ya ɗauka shi kaɗai ne mai alheri. Asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga Sakkwato da Zamfara. Iyaye mata daga Jibiya da kewaye sun yi shekaru suna goya yara masu tamowa zuwa Ɗan Isa da Madarumfa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki, kafin ta buɗe nata wuraren a Katsina a 2021. Tun 2019 kuma dubun dubatan mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora suka sami mafaka a ƙauyukan jihar Maraɗi, da yawansu a cikin gidajen mutane. Wanda ya sauki ɗan Nijar yau, bashi yake biya.

Ciwon da ke kawo yaro shi ke yanke tsawon zamansa. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ana sauya masa filasta duk mako har sau biyar ko shida, sannan a sa masa takalmin gyara da zai riƙa kwana da shi shekaru. Maganin tarin fuka wata shida ne, ba a tsallake rana. Mai kansa ana yi masa ƙarin ruwan magani zango-zango, da hutun mako biyu ko uku a tsakani, kuma a cikin wannan hutun ne ake asarar yara da yawa, domin iyaye sukan koma gida da zarar kumburi ya saɓe, ba su dawowa sai ciwo ya ci ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma katse magani yana cikin manyan dalilai. Ɗakin da aka share wa baƙuwa da ɗanta a Maska yana iya zama abin da ya hana wannan katsewa.

Akwai kuma cutar da likitoci ke kira noma, mai farawa da gyambo a dasashi ta cinye kunci da leɓe cikin kwanaki. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, musamman waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana, kuma in ba a yi magani ba tana kashe kusan tara cikin goma. Asibitin da aka gina mata a Sakkwato a 1999, wanda MSF ke tallafa wa tun 2014, yana yin aikin gyaran fuska kyauta, kuma Najeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Gidan da ya sauki mai irin wannan rauni babban aikinsa shi ne hana yaran unguwa taruwa kallo, da kuma zaunar da shi a kwano ɗaya da yaran gida.

Karɓar baƙo tana da tsarinta. Maigida ne ke amsa sallama a zaure, uban yaro ko kawunsa ya kwana nan ko a shagon samari, uwar kuma a shigar da ita cikin gida. Daga nan nauyin ya koma kan uwargida. Ita za ta fitar da tabarma da bargo, ta ware kwano da moɗa, ta ce wa baƙuwar, “Ki saki jiki, nan ma gida ne.” Cikin kwana biyu yaron ya fara ce wa maigida Baba, uwargida Inna ko Gwaggo, manyan yaran gida Yaya. Wannan kira yana da amfani ga jinya, domin yaron da ya saki jiki ya fi karɓar abinci. A halin tsaron da ake ciki a kudancin Katsina wajibi ne maigida ya kai baƙonsa wurin mai unguwa tun ranar farko, a san sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Kariya ce ga baƙon kafin kowa.

Shari'a ta sa liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Jinya kuwa ba ta san kwana uku ba, kuma a nan ne gidaje suke bambanta. Wanda ya yi dabara tun farko yakan zauna da uban yaro a yi magana a fili: hatsi da wurin kwana na gida ne, kuɗin magani na iyaye, kuɗin mota a haɗa. In kunya ta hana a yi wannan magana, sai bayan wata guda fuska ta fara sauyawa, baƙuwa ta lura, ta ɗaure kayanta ta tafi da yaron magani bai ƙare ba. Uban yaro sau da yawa ba ya iya zama, ga gona ga sauran iyali, sai ya sayar da akuya ko ɗan rago, ya canja sefa zuwa naira a Jibiya, ya bar abin da ya samu a hannun maigida. Riƙe wannan kuɗi da rubuta abin da aka kashe yana cikin amanar.

Ranar asibiti tun asuba take farawa. A fito daga Maska a kan babur zuwa bakin titi ko tashar Funtuwa, a shiga motar Zariya, a sauka Shika kafin layin kati ya yi tsawo. Baƙuwa ba ta san ƙofar da za ta bi ba, ba ta san inda ake biyan kuɗi ko ɗibar jini ba, don haka sai an haɗa ta da ɗan gida mai karatu. Takardun da ta zo da su daga asibitin Maraɗi da Faransanci aka rubuta su, ma'aikatan nan kuma Ingilishi suke karantawa. Bai kamata a jefar da su ba, ko da kwalin maganin da yaro ya sha a can, domin sunayen magunguna sun yi kama a harsunan biyu kuma likita zai gane. Sai batun jini. A yawancin asibitoci in za a ƙara wa maras lafiya jini sai danginsa sun kawo mai bayarwa, baƙo kuwa ba shi da dangi a kusa. Samarin gidan mai masauki ne ke miƙa hannu. Ga yaro mai sikila, cutar da ake ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, wannan ba abin sau ɗaya ba ne.

A cikin gida ayyukan ƙanana ne masu yawa. Yaron da ya tashi da fura da tuwon gero yakan ƙi tuwon masara a kwanakin farko, sai uwargida ta nemo gero ta dama masa abin da bakinsa ya sani, ta ƙara ƙuli-ƙuli ko garin waken soya ko ƙwai. In an ba shi abincin tamowa na cikin leda, magani ne, ba a raba shi da yaran gida ko da suna kuka, ba a kuma kai shi kasuwa. Yunwar yara a jihar ba ƙaramin abu ba ce: MSF ta ce yara 652 suka rasu a wuraren jinyarta na Katsina a wata shida na farkon 2025. Da damina sauro ya fi yawa a kudu, gidan sauro ya zama dole. Mai tarin fuka a ba shi ɗaki mai taga har magani ya kama jikinsa, a kuma kai yaran gida a duba su. Mai shan maganin kansa garkuwar jikinsa takan faɗi, zazzaɓi kaɗan a wurinsa na gaggawa ne, ba a jira gari ya waye.

Addu'a tana tafiya tare da duk wannan, ba a raba su. Dubiya haƙƙi ce ta Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma baƙon yaro ya fi kowa bukatarta tunda nasa suna nesa. Matan unguwa kan shigo bayan la'asar da ɗan kwanon abinci ko sabulu, su ce, “Sannu, ya mai jiki?” Uwar ta amsa, “Da sauƙi,” ko da daren jiya ba ta runtsa ba. Su ce, “Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya tashi kafaɗunsa.” Ba wanda ya ɗauki wannan amsa a matsayin rahoton likita, uwargida ce ke sanin gaskiyar dare, ita ce kuma za ta gaya wa maigida in jikin ya rikice. A masallacin unguwa liman kan sanar bayan sallar magariba cewa akwai yaron baƙi a gidan wane da za a yi wa aiki, a sa shi a addu'a. Wasu gidaje sukan kira almajirai a sauke Alƙur'ani, a yi sadakar waina ko tsaba. Da dare maigida ko tsohuwar gida ta ɗora hannu inda ke ciwo, ta karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi ta tofa, yadda aka koya daga sunna. A yankin Malumfashi da Ƙafur, inda Hausawa Kiristoci suke da yawa, akan kai sunan yaron majami'a ranar Lahadi, maƙwabta kuma na kowane ɓangare sukan shigo dubiya.

Amfanin wannan ga uwar da ta baro gida a bayyane yake. Mace ce ita kaɗai a garin da ba ta sani ba, tana kallon ɗanta yana ramewa. Jin an ambaci sunansa a masallaci yana gaya mata cewa garin ya san da zamansu. Malamai da kansu suna karantar da cewa neman magani umarni ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da ake iyawa. Matsala takan taso ne in masu dubiya suka koma masu ba da magani. Kowace tsohuwa da saiwar da ta sani, wani ya ce a kai shi wurin wanzami a yi sakiya ko a cire beli, wani ya ce iska ce, asibiti ba ta iya mata. Baƙuwa ba ta da bakin musu a gidan mutane. Mai masauki ne ya kamata ya tsaya ya ce ba a ba yaron komai sai an tambayi likita. Ko rubutu da ruwan zamzam suna da lokacinsu: in an ce kada yaro ya ci ko ya sha kafin tiyata, to ko kurɓi ɗaya bai halatta ba, domin abin da ke ciki yana iya komawa huhu in an sa shi barci. A shafa masa a goshi, sha kuma ya jira.

Al'adar saukar yaro mai jinya tana da takwarorinta a nesa, kuma yaran ƙasar Hausa suna cikin masu cin moriyarsu. Gidauniyar Sentinelles ta Suwizalan, wadda Edmond Kaiser ya kafa a 1980, tana da gidan kula da masu cutar noma a Damagaram tun farkon shekarun 1990, kuma waɗanda rauninsu ya yi tsanani takan kai su Turai a yi musu aiki. A ƙauyen Massongex na Suwizalan akwai gidan Terre des hommes da ke saukar yaran Afirka ta Yamma masu jiran tiyata tun 1970. A Faransa ƙungiyar da likitar zuciya Francine Leca ta kafa a 1996 tana ɗauko yara masu ciwon zuciya, a damƙa kowanne ga iyalin da suka ba da kansu, ya zauna wajen wata biyu. Waɗannan yara su kaɗai suke tafiya, ba uwa ba uba, ba harshe. Saudiyya kuwa da iyaye take ɗauka, kamar tagwayen Kano da aka haifa a manne, aka raba su a Riyad a Fabrairun 2024 ƙarƙashin Dakta Abdullah Al-Rabi'a. Iyalan Turai da ke karɓar yara ana bincikensu kafin a ba su, ana kuma shimfiɗa musu ƙa'ida: yaro ba na riƙo ba ne, zai koma, a kiyaye abin da addininsa ya hana shi ci, kada a taɓa masa addini. Ƙa'idar daidai take, kuma ta hau kan mai masauki na Maska kamar yadda ta hau kan na Faris. Wanda ya ga dama ya yi wa yaro addu'a yadda ya iya, amma rashin lafiya ba ƙofa ba ce ta janye ɗan mutane daga abin da iyayensa suke kai.

Amana tana da sauran rassa da zamani ya kawo. Sa hannu a takardar tiyata haƙƙin uba ne ko uwa, in ba su nan a kira su a waya likita ya ji daga bakinsu. Ɗaukar hoton yaro da rauninsa a watsa a Facebook ko WhatsApp don neman taimako yana kawo kuɗi wani lokaci, amma ba a yin sa sai da yardar iyaye, kuma kowace naira a san inda ta shiga. Hoton yana nan bayan yaron ya girma. In ya fara samun sauƙi, ba a ɗora masa tallan gida ko a tura shi kiwo da sunan ya warware. Kuma in uwa ta koma ta bar shi na ɗan lokaci, a sami shaidu da takarda daga mai unguwa, saboda jami'an kan iyaka da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane suna tsare babban da aka gani da yaron da ba nasa ba, kuma suna da hujjar yin haka.

Iyakar ma ba kullum take a buɗe ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe ta, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma a tsakanin nan masu jinya sun sha wahalar bin hanyoyin daji a kan babur, wasu kuma zaman mako biyu ya zame musu na watanni. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna wucewa. Katin shaidar uwa, katin rigakafin yaro da takardar asibiti mai hatimi su ne ke sauƙaƙa shingayen hanya.

Ba kowace jinya ke ƙarewa da sallama ba. In yaro ya cika, ɗaukar gawa a ƙetare iyaka abu ne mai wuya da tsada, addini kuma ya so a gaggauta. Mai masauki ne ke tsayawa a matsayin dangi: ya nemi likkafani, a yi wanka da salla a ƙofar gidansa, a rufe shi a maƙabartar gari, a zauna karɓar gaisuwa tare da uwar, sannan a haɗa ta da amintaccen mutum ya raka ta har gida. Yana da kyau a sa wa kabarin alama, domin uban yakan zo daga baya ya ce a nuna masa.

In kuwa Allah ya ba da lafiya, sallama tana da nata aiki. A karɓi takardar bayanin jinya daga likita, a rubuta ranar komawa da manyan baƙi a bayan kati, a gaya wa uwar ranar da lissafin watan Musulunci in shi ta fi riƙewa. A sayi maganin da zai kai su har wannan rana, a tambayi likita asibitin da ya fi kusa da garinsu wanda zai iya ci gaba da dubawa, ko na Maraɗi ko na Damagaram. Lambar wayar Najeriya ba lallai ta yi aiki a can ba, don haka a karɓi ta wani ɗan'uwa mai layin Nijar. Uwargida takan ƙulla musu guzurin masara da daddawa da kayan yaran gida da suka yi masa daidai. In ranar komawa ta matso, maigida ne ya kamata ya fara kira ya tuna musu, ya kuma ce ɗakin yana nan.